Rasuwar Kofur, Ƙahon Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni da mahaifiyata, a madadin mahaifina wanda bai ce a rubuta ba kuma bai ce kada a rubuta ba, muna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, musamman waɗanda katangarsu ke haɗe da tamu, rasuwar ƙahon busa na gidanmu, wanda aka fi sani da Kofur. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan teburin shagon walda, bayan doguwar jinya da gajeriyar tiyata. Ba a san shekarunsa daidai ba, domin lambar da aka buga a gefen wuyansa ta goge tun kafin a haife ni. Amma likitocin da suka duba shi, wato mai faci ɗaya da mai walda ɗaya, sun yarda cewa ya haura sittin.

Ga waɗanda suka san muryarsa ta kan katanga ba su taɓa ganin fuskarsa ba, marigayin ƙaho ne na tagulla irin na fareti, mai maɓallai uku a gadon baya da faffaɗan baki a gaba. Da za a miƙe shi da ya kai kusan mita ɗaya da rabi, amma ya yi dukan rayuwarsa a naɗe, bai taɓa nuna wa kowa tsawonsa ba.

Ɗan babban gida ne. Kakanninsa na farko ƙahonin dabbobi ne da manyan katantanwar teku, waɗanda mutanen dā suka huda suka sa a baki, ba don nishaɗi ba, sai don a gaya wa wanda ke bayan dutse cewa ga maƙiyi nan, ko ga nama nan. Daga baya zuriyar ta shiga ƙarfe. An tono biyu daga cikin magabatansa a kabarin wani fir'auna, ɗaya na azurfa ɗaya na tagulla, sun yi sama da shekara dubu uku a kwance ba su ce uffan ba. Ta wajen uba yana da dangantaka da kakaki, dogon nan miƙaƙƙe wanda ba ya lanƙwasa wa kowa, mai magana biyu ko uku kacal a bakinsa, amma yana faɗinsu kamar babu wanda ya taɓa faɗa kafin shi. Duk waɗannan tsofaffi ba su da maɓalli. Abin da leɓen mai busa ya ba su shi suke faɗa, kuma tsakanin wannan murya da waccan akwai ramukan da ba su iya takawa. Sai kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce aka yi wa gidan maɓallai. In an danna ɗaya, sai ya buɗe wa iska wata 'yar kwana ta bi, hanya ta ƙara tsawo, murya ta sauka. Tun daga lokacin zuriyar ta iya kowace waƙa, kuma tun daga lokacin maƙwabta suka rasa sukuni.

Marigayin ya yi aiki shekara talatin da ɗaya a ƙungiyar busa ta ma'aikatan kashe gobara, a hannun mahaifina. Baba ne ya raɗa masa suna Kofur, domin a cewarsa, a kowane fareti shi ya fi kowa ɗaga murya, kuma ba a taɓa yin shawara da shi ba. Bai kashe gobara ko ɗaya ba, amma ya raka duk waɗanda suka kashe. Ya busa musu ranar da suka kama aiki, ya busa ranar ƙarin girma, ya kuma yi musu busar sallama ranar da suka ajiye hula. Da Baba ya yi ritaya, ofis ya rubuta Kofur a jerin kayan da suka mutu, aka bar shi ya biyo Baba gida. Ya ƙara shekara goma sha huɗu bayan waccan takarda. Saboda haka wannan ita ce sanarwar mutuwarsa ta biyu, kuma ita ce ta gaskiya.

Wanda ya zauna da shi zai shaida cewa bai taɓa neman caji ba, bai taɓa jiran a kawo wuta ba, bai taɓa cewa sai an sabunta shi kafin ya yi aiki ba. Abincinsa ɗigo uku ne na mai a mako. Bai taɓa fara magana da kowa ba sai an nema, amma in ya fara, har mai kanti na ƙarshen layi yana sanin ra'ayinsa. In yana cikin nishaɗi yakan ce tam-tararam-taam, a ji kamar an buɗe taga. In Baba yana cikin tunani kuma, sai ya sauko ƙasa ya ce buuum, a hankali, kamar babbar mota tana shawarar ko ta tashi.

Ba za mu ɓoye rauninsa ba. Maɓallinsa na biyu yakan maƙale in gari ya yi sanyi. Akwatinsa yana warin tsohon kwabo da man keken ɗinki. Yana kuma da wata 'yar ƙofa a ƙasan ciki da ake buɗewa a zubar da ruwan da ya taru. Baba ya yi shekaru yana bayanin cewa ruwan nan gumin numfashi ne. Umma, wadda ke goge simintin, tana da wani sunan da take kiransa da shi.

Aikinsa mafi girma ya zo ne a ƙarshen rayuwarsa, kuma dole in faɗe shi, domin ba don shi ba da wannan sanarwa layi uku ce.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, gefen baki ya zube. Mutane suna zaton busa ƙaho aikin huhu ne, alhali aikin leɓe ne. Ana matse leɓɓa a sa su rawa a cikin ɗan kofin ƙarfe da ke bakin ƙahon, rawar nan ita ce muryar. Sati biyu bayan an sallamo shi daga asibiti, Baba ya sa aka miƙo masa Kofur. Ya sa a baki, ya hura. Kofur ya ce fffff. Ya sake. Kofur ya sake cewa fffff, cikin ladabi, kamar yana ba da haƙuri. Baba ya mayar da shi akwati, ya tura ƙarƙashin gado da ƙafarsa mai lafiya, ya kwanta. Wata huɗu ya yi a kwance. Maganarsa ta koma a hankali, tana jan ƙafa, shi kuwa ba ya son a ji ta haka, sai ya daina. Masu dubiya su ce ya jiki, ya ɗaga musu yatsa.

Wata rana ina share ƙarƙashin gadon na jawo akwatin. Na ɗauka Baba barci yake. Ban san abin da ya kai ni ba, na sa kofin a baki na cika kumatu na hura. Abin da ya fito ya yi kama da kukan akuyar da ta faɗa rijiya. Ina shirin mayar da shi in gudu, sai na ji murya daga gado.

“Ke. Leɓe. Ba kumatu ba.”

Na tsaya da tsintsiya a hammata.

“Zo nan, Uwata. Zauna. Nan.”

Haka yake kirana tun ina goye. Ya daɗe bai kira ba.

Ranar aka kafa tsarin da aka bi shekara uku ba fashi. Ina zama a damansa, in riƙe Kofur da hannu biyu in hura. Shi kuma ya ɗora yatsunsa uku na dama a kan maɓallan ya danna. Da yake maɓalli kaɗai ba ya isa, dole leɓe ya san ko hawa za a yi ko sauka, sai Baba ya cire takalmi ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan tawa. In ya danna, in matse leɓe mu hau. In ya ɗaga, in saki mu sauko. In ya murza, ma'ana na yi shirme, a koma farko. Har yau ban san sunan waƙa ko ɗaya da muka busa ba, ban kuma iya karanta rubutun kiɗa ba. Ni ce iska, Baba ne waƙar, Kofur ne ke ɗaukar laifi in an yi kuskure.

Kullum bayan la'asar, minti ashirin, har sai leɓena ya kumbura. An fara a bakin gado. Bayan wata biyu aka koma bakin ƙofa, domin Baba ya ce ɗaki yana shaƙe muryar. Daga nan sai tsakar gida. Mutumin da sai an roƙe shi yake juyawa a kan katifa ya koma tun azahar yana neman reza da madubi, wai ba a fita fareti da gemu a hargitse. Likitar da ke motsa masa jiki ta tambayi Umma wane magani muka sake. Umma ta ce babu, ƙara ce kawai ta ƙaru a gidan. Likitar ta ce to a ci gaba da ƙarar.

Maƙwabcinmu tela, wanda ya yi shekaru yana ƙorafi, yakan leƙo ta kan katanga da tef ɗin awo a wuya.

“Malam, yau ma gobarar ce?”

Baba ba ya amsawa da baki. Sai ya danna maɓallai ukun gaba ɗaya ya ɗage ƙafarsa daga tawa, Kofur ya ce burrruf. Tela ya ce, “Na gode, ni ma haka,” ya koma kan kekensa.

Ciwon ajali ya fara ne bara, da wasu jajayen ɗigo a wuyan marigayin, wato siririn bututun da ke karɓar iska daga baki. Ciwo ne da ke cin tagulla daga ciki, numfashin shekara sittin ne ke jawo shi. Muryoyin sama suka fara zurarewa. In Baba ya danna ƙafata muka hau, sai a ji rabin muryar ta fita ta gaba, rabi ta fita ta gefe tana cewa sssss. An yi jinyar gida. Umma ta naɗa masa baƙin salatif na masu gyaran wuta. Ta ɗiga masa kyandir. Ta shafa masa jan farce har hawa uku, ya yi sati guda yana fita da jan wuya, bai yi ƙorafi ba.

Da abin ya ƙi, na kai shi wajen mai facin taya na bakin titi. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo.

“Malama, wannan tayar wace mota ce?”

Na yi masa bayani. Ya jawo bahon ruwan da yake gwada taya a ciki, ya toshe babban bakin da tsumma, ya nutsar da Kofur ya bar kofin a waje.

“Hura, ƙanwata. Kada ki ji kunya, direbobin nan sun ga abin da ya fi haka.”

Na durƙusa a bakin titi na hura. Kumfa ta taso a jere. Yana gani yana zagayewa da alli.

“Huji biyar. Da taya ce da na ce ki yi haƙuri. Zan ɗaure masa roba ya ɗan taka, amma ba aikina ba ne. Ki kai wa mai gyaran lagireton mota. Shi ya san tagulla, shi ya san dalma. Kada ki kai wa kowa sai shi.”

A duk likitocin da suka ga marigayin, mai faci ne kaɗai ya gano ciwon daidai, shi kaɗai kuma ya san iyakarsa. Iyalin na miƙa masa godiya. Robarsa ta yi wata biyu.

A nan dole in yi bayanin wata ƙa'ida ta gidanmu. Duk abin da yake na ƙarfe ne, ba ya fita waje neman gyara, domin muna da Kawu, ƙanen Umma, mai walda. Shi ya yi ƙofar gidan. Shi ya ɗinke gadon Baba, da hannun tukunya, da ƙafar injin markaɗe. Da Baba ya kwanta, Kawu ya rufe shago kwana biyu ya ƙera masa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu daidai tsawonsa, ya naɗe hannun da roba don kada ya ci masa tafi. Mutumin da ya yi wannan ba a cewa an kai ƙarfe wani wuri ba da saninsa ba. Da labarin mai lagireto ya kai kunnensa, ya zo gidan ko gilashin walda bai cire daga goshi ba.

“Yaya, me na yi muku? Ina raye a kai ƙarfen gidan nan wajen mai wankin lagireto?”

Umma ta ce, “Injiniya, ba ƙofa ba ce fa.”

“Ƙarfe ƙarfe ne. Farfesa, gobe da safe ki kawo mini marar lafiyan.”

Farfesa ni ce. Tun ranar da na shiga jami'a ya naɗa ni.

Abin da zan faɗa yanzu, kafin wannan sanarwa ban faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya. Na san abin da zai faru. Kafin ranar na zauna na karanta yadda ake ƙera irin su Kofur, na gane cewa ba jiki ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne da yawa aka liƙa da dalma, dalma kuwa tana narkewa da zafin da bai kai wutar Kawu ta ɗauke shi a bakin komai ba. Na haddace jimlar da zan faɗa. Na maimaita ta a hanya. Na isa shagon, na zare ɗan kofin na jefa a jaka, na kwantar da Kofur a kan tebur tsakanin wata ƙofar shago da rabin gadon jarirai. Kawu ya warware robar, ya kankare jan farcen, ya kunna wutar gas ɗinsa, ta ce fuuu, shuɗiya, mai tsini. Ya sauke baƙin gilashi.

“Kawu.”

“Na'am, Farfesa?”

Mutum uku ne zaune a bencin shagon suna jiran aikinsu. Duka suka juyo suna kallona.

“A yi masa a hankali.”

“Ni za a ce wa a hankali? Ni da na ɗinke tankar mai? Matsa baya, kada ta ci miki mayafi.”

Na matsa baya.

Minti ɗaya bai cika ba. Da farko wasu ɗigo masu ƙyalli suka fara sauka a kan teburin, tis, tis, tis. Sai ƙananan sandunan da ke riƙe da jikinsa suka saki ɗaya bayan ɗaya, ba gardama, kamar ma'aikatan da aka tashe su daga aiki. Wuyan ya buɗe, huji biyar suka haɗu suka zama ɗaya, wanda babban yatsa zai shiga. Daga ƙarshe babban bakin ya rabu da jiki, ya gangara a hankali zuwa ƙarshen teburin, ya faɗi ƙasa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙwalalam.

Kawu ya kashe wutar. Ya ɗaga gilashi. Ya daɗe yana duban teburin.

“Farfesa, da ma guda nawa kika kawo?”

Guda goma sha ɗaya na kwasa. Daga nan na wuce wajen mai lagireto, a makare. Ya jera su a kan buhu, ya ɗaga gidan maɓallan ya duba a haske, ya ga zafi ya murɗe shi. Bai ce komai a kan wanda ya yi aikin ba. Ya mayar da su akwati ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini da hannu biyu.

Marigayin ya yi shekara talatin da ɗaya a cikin masu kashe wuta ba ta taɓa shi ba.

Bai bar 'ya'ya ba, amma ya bar dangi a ko'ina cikin duniya. Akwai ƙanensa begila, wanda ya shiga soja tun yana yaro, ya ƙi karɓar maɓalli, yana tashin bariki da kalmomi biyar. Akwai ɗan baffansa konet, gajere mai jiki, wanda ke faɗin abin da Kofur ke faɗa amma da taushi, shi ya sa aka fi gayyatarsa cikin ɗaki. Akwai fulugal mai faɗin maƙogwaro, mai magana kamar wanda ya tashi daga barci yana lallashi. Akwai autansu fikolo, ɗan ƙarami, sau da yawa da maɓalli huɗu, wanda ba ya magana sai a can sama, dangi suna alfahari da shi daga nesa. Akwai wanda ake kira ƙahon aljihu, tsawonsu ɗaya da marigayin sai dai an ƙara naɗe shi, kuma har yau ba a ga aljihun da ya shiga ba. Akwai kuma dogon nan mai hannu da ake zugewa gaba da baya, wanda ake ta gardama ko ɗan gida ne ko suruki. Iyalin na sanar da jama'a cewa ba su da wata alaƙa da ƙahon roba na filin ƙwallo, ko me ya gaya muku.

A gida ya bar akwati ɗaya, da rabin kwalbar mai, da tsumma mai launin ƙwai, da ɗan kofin baki, wanda ya tsira saboda yana cikin jakata. Ya kuma bar Baba.

Ranar da abin ya faru, na iso gida la'asar ta yi. Baba yana tsakar gida, ya yi aski, ya cire takalmin dama ya ajiye a gefe. Na durƙusa na buɗe akwatin a gabansa. Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa. Ya ɗauki gidan maɓallan, ya danna na farko, bai sauka ba. Ya danna na biyu. Ya danna na uku. Ya ajiye.

“To,” in ji shi.

Ya jawo ƙarfen dogarawarsa ya shiga ɗaki, ya bar takalmin a wurin. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Kwana takwas ya yi a haka.

Umma tana shiga da kwano tana fitowa da shi kusan yadda ya shiga. “Malam, ko loma biyu.” Ya ɗaga yatsa. An yi maganar a nemo sabo, ya gaya wa bango cewa ba ya so. Tela ya leƙo ya ce tun da aka daina busar nan ya rasa lokacin tashi daga aiki, jiya har ya ɗinke aljihun wani a rufe. Kawu yana zuwa kowace safiya ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ba ya shiga. Don ya sami abin yi da hannunsa, ya gyara sakatar banɗaki wadda ba ta lalace ba, sau biyu.

“Injiniya, in ka sake taɓa wani abu a gidan nan, da muciya zan raka ka.”

“Yaya, wallahi taimako na yi niyya.”

“Na sani. Shi ya sa nake buɗe maka ƙofar.”

A kwana na shida na shiga na zauna a ƙasa kusa da gadon.

“Baba, kada ku riƙe Kawu. Na san dalma ce. Na san za ta narke. Ina tsaye a wurin ban faɗa ba.”

Sannan, ba tare da ya juyo ba, a hankali, kalma tana jan kalma:

“Shekara uku. Ina koya miki. Ɗaga murya.”

Na tashi na fita.

Shekaranjiya da hantsi na zauna a tsakar gida ina karanta wa Umma wannan sanarwa tana tsintar shinkafa, Kawu yana tsugune a inda ya saba. Na karanta da ƙarfi, fiye da yadda na saba, ban kuma ce don kowa ba ne. Da na zo wajen jana'iza na karanta abin da na rubuta a lokacin, cewa za a rufe akwatin a ɗora a saman kabad, ba taro, ba hayaniya.

“Wa zai busa?”

Muryar daga ɗaki ta fito. Umma ta tsaya da hannu a cikin tire.

Na je bakin ƙofa. “Baba, busa me?”

“Sallama.” Ya juyo. Gefen fuskarsa duk shatin matashi. “Shekara talatin da ɗaya. Yana sallamar mutane. Shi a ɗora shi a kabad. Shiru. Kamar ɓarawo?”

“Baba, ai babu abin busawa.”

“Kofin yana nan?”

“Yana nan.”

“Kawo. Da tiyon ban ruwa. Da mazurarin Ummanki.” Ya numfasa. “Kira mini wancan. Mai kisan kai.”

Kawu ya shigo yana murza hula a hannu. “Yallaɓai, ni dai—”

“Wuƙa. Wuƙa kawai. Ka bar wutar a shago.”

Baba ya tashi zaune a bakin gado, ba wanda ya taimaka masa. Ya kama bakin tiyon ya kai hancinsa, ya miƙe hannun dama ya auna, ya ƙara rabi, ya nuna wa Kawu inda zai yanka. Kawu ya yanka kamar mai yi wa jariri aski. Aka cusa kofin a wannan baki, mazurari a wancan. Umma ta tsaya a ƙofa tana cewa da shi take ɗura mai a kwalba, kuma tana son abinta kafin girkin rana, ba wanda ya saurare ta, ita ma ba ta matso ta karɓa ba.

Na zauna a damansa. Ya ɗora ƙafarsa a kan tawa. Na hura. Abin ya ce mooo, kamar saniya a cikin ganga. Ya murza ƙafata. Na sake. Ya murza. A karo na huɗu ya danna, na matse leɓe, muka hau, ya ƙara dannawa muka ƙara hawa, har murya biyar, kowace a mazauninta. Busar sallama, in ji shi, ba ta buƙatar fiye da haka. Yatsunsa uku suna ta dannawa a kan gwiwarsa, inda babu komai. Da muka gama ya ce akwai sauran aiki, ya kuma tambaya ko akwai abin ci a gidan nan ko sai ya rubuta takarda.

Saboda haka, bisa umarnin mahaifina, an sake tsarin jana'iza kamar haka.

Za a yi ta ranar Asabar bayan la'asar a tsakar gidanmu. Za a jera gaɓoɓin marigayin goma sha ɗaya a cikin akwatinsa, a lulluɓe da ƙyallen da tela ya ɗinka ba tare da an roƙe shi ba. Mai faci da mai lagireto za su ɗauki akwatin daga bakin ƙofa zuwa tebur, tafiyar taku shida. Ni zan yi busar sallama da tiyo. Kawu ne zai riƙe mazurarin, kuma Baba ya ce ya riƙe shi sama, daidai kunnensa, har a gama. Kawu ya karɓi hukuncin ya yi godiya.

Ana roƙon masu sayen tsohon ƙarfe su yi ta'aziyyarsu daga nesa. Ba a yarda kowa ya shigo da ashana ba. Muryar tiyon ba ta marigayin ba ce, mun sani, don haka wanda dariya ta kama ya daure ya riƙe ta har sai mai gida ya fara. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya ba maƙwabta haƙurin abin da zai biyo baya, domin an sanar da ni cewa daga Lahadi za a ci gaba da atisaye kullum.

Wanda ya riga zuwa zai tarar da kujera mai hannu a gefen tebur, a inuwa. Kada ya zauna. Baba ya ce zai fito.